Kuɗin Ƙofa da Iyalin Mai Kallo: Tarihin Shiga Filin Ƙwallo a Bauchi

Garuruwa kaɗan ne a Najeriya za su iya cewa sun karɓi baƙuncin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya har sau biyu, kuma Bauchi na cikinsu. A 1999 filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin filaye takwas da aka buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, a 2009 kuma aka dawo da ta 'yan ƙasa da shekara 17. Gari ne mai ƙungiyar da ta taɓa ɗaukar kofin ƙasa, kuma da wuya a sami unguwa daga Jahun zuwa Yelwa wadda yaranta ba su da filin buga tamaula da yamma. Duk da haka, wanda ya dubi 'yan kallo ranar da Wikki Tourists ke wasa a gida zai ga samari da majiya ƙarfi ne suka cika wurin. Magidanci riƙe da hannun 'ya'yansa ƙanana ba a cika ganinsa ba, uwa da 'ya'yanta mata kuwa sai an tona. Idan aka tambayi dalili, amsar da ke saurin zuwa ita ce talauci, maganin da aka saba kawowa kuma shi ne a buɗe ƙofa kowa ya shiga kyauta. Ra'ayina shi ne tarihin kallon ƙwallo a Bauchi bai goyi bayan wannan amsa ba. Farashin tikiti shi ne mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da suka hana iyali zuwa filin wasa, kuma buɗe ƙofa kyauta, duk da kamarsa da alheri, yana cikin abubuwan da suka ƙara nisanta su. Abin da iyali ke buƙata shi ne tikiti mai sauƙin kuɗi, sananne, wanda ke ba mai shi haƙƙin wurin zama da kwanciyar hankali.

Kafin a zo ga ƙwallo, sai a dubi yadda mutanen Bauchi suka saba kallo tun zamanin da Malam Yakubu ya kafa garin a farkon ƙarni na 19 ya kewaye shi da ganuwa. Babban abin kallon da ke haɗa kowa da kowa shi ne hawan Sallah. Ba a biyan ko kwabo don ganinsa, domin Sarki da hakimansa ne ke ɗaukar nauyin dawaki da kayan ado da makaɗa. Amma ba rashin biyan kuɗi kaɗai ya sa yake abin iyali ba. Hawan Sallah yana da tsari: an san hanyar da Sarki zai bi, an san lokacin, dogarai na tsare hanya, yara na fita cikin kwalliya tare da yayyensu, mata na da wuraren da suke tsayawa ba tare da an takura musu ba, kuma kowa ya san idon manya na kansa. Haka dambe da kokawa suke a da bayan kaka, a dandali ake yi, mai hali ya yi wa ɗan wasa da makaɗi kari, marar hali ya yi kallo ya tafi. Tikiti baƙon abu ne da ya shigo daga baya tare da gidajen sinima da gidajen dambe masu shinge, kuma waɗannan wurare tun farko na maza ne, musamman samari, har ana yi wa yaron da ya saba zuwa can kallon wanda ya fara lalacewa. Saboda haka Bahaushen birni ya gaji fahimta iri biyu game da kallo. Akwai kallon da babba ya ɗauki nauyinsa, mai tsari, wanda ake zuwa da yara. Akwai kuma kallon da ake biya a ƙofa, wanda mai mutunci ba ya kai iyalinsa. Filin ƙwallo ya faɗa tsakanin biyun ne, ya ɗauki dogaro da babba daga na farko, ya ɗauki sunan wurin samari daga na biyu, ya bar tsarin da ke sa uba ya saki jiki.

Ƙwallon ƙafa ta shigo Arewa ta makarantun boko da barikokin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa da na haƙar kuza a Jos, kuma shekaru da dama a filayen da ba su da katanga ake buga ta, inda babu ma ƙofar da za a tsaya a karɓi kuɗi. Gasar kofin ƙasa ta fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna, Kano ta ɗauke shi a 1953. Da aka kafa gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara lashe ta, Raccah Rovers ta Kano kuma ta yi nata a 1978. A wancan lokaci Bauchi 'yar kallo ce ga maƙwabtanta. Abin da ya sauya lamarin shi ne ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, wanda ya mayar da garin hedikwata mai ma'aikatu da kasafin kuɗi da sha'awar a san da ita a ƙasa. Sai kuma tattalin arzikin ƙasa ya karye a tsakiyar shekarun 1980, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, manyan ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin su Leventis United da Abiola Babes suka rushe a ƙarshen wannan zango, na kamfanoni da dama suka bi baya. Lokacin da aka fara gasar ƙwararru a 1990, gwamnatocin jihohi na cikin waɗanda suka rage da ƙarfin riƙe ƙungiya. A wannan yanayi aka haifi Kano Pillars da Gombe United a 1990, Wikki Tourists kuma a 1991, shekarar da Bauchi ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa. An raɗa wa ƙungiyar sunan ruwan ɗumi na Wikki da ke dajin Yankari, abin alfaharin jihar wajen jawo masu yawon buɗe ido, kuma aikin da aka ɗora mata tun farko shi ne ta ɗaga sunan jiha a idon waje.

Wannan asali shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Ƙungiyar da albashin 'yan wasanta da kuɗin motarta da na masaukinta ke fitowa daga baitulmalin jiha ba ta da wani dalili mai ƙarfi na damuwa da yawan waɗanda suka biya a ƙofa. Tana kama da mai jiran shagon da ubangidansa ke biyan haya da albashi ko an yi ciniki ko ba a yi ba: hankalinsa na wajen ubangidan, mai saye kuwa in ya zo to, in bai zo ba babu asara. Ba zargin wani mutum ake yi a nan ba, domin haka tsarin yake a Kano da Katsina da Jos da Lafiya da Maiduguri, kuma duk wanda aka ɗora a kansa haka zai yi. Shekarun farin jinin Bauchi ma ba su gyara wannan ba. A 1998 Wikki ta doke Plateau United a bugun fenareti ta ɗauki Kofin Ƙalubale, wato kofin ƙasa, ta wakilci Najeriya a gasar Afirka a shekarar da ta biyo. A 1999 mutanen gari suka kalli matasan Japan ƙarƙashin Philippe Troussier suna wasa a filinsu, a kan hanyarsu ta zuwa wasan ƙarshe inda Sifen mai su Xavi ta doke su a Legas. A 2000 gasar wasanni ta ƙasa ta sake dawowa Bauchi. A gasannin duniya biyun nan na 1999 da 2009 an ga yadda ake shirya taro bisa ƙa'idar FIFA: tikiti bugagge, ƙofofi masu tsari, masu nuna wa mutane wurin zama, motar asibiti a gefe. Da baƙi suka tafi, ginin da fitilun suka rage, amma al'adar kula da ɗan kallo ta tafi tare da su, saboda babu wanda abincinsa ya dogara da ita.

Ana cikin haka sai ga abokin hamayyar da ba a shirya masa ba. Daga ƙarshen shekarun 1990, tauraron ɗan'adam ya kawo gasar Firimiya ta Ingila cikin unguwanni. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Jay-Jay Okocha ya je Bolton a 2002, Mikel Obi ya shiga Chelsea a 2006, gidajen kallon ƙwallo suka bazu a kowane lungu na Bauchi kamar sauran garuruwan Arewa. An saba kawo wannan a matsayin abin da ya kashe ƙwallon gida, amma akwai darasi a cikinsa da ya fi wannan muhimmanci. Gidan kallo ya tabbatar da cewa talakan Bauchi yana biyan kuɗi don ya kalli ƙwallo, kuma yana biya kowane mako ba tare da gwamna ya roƙe shi ba. Ɗan ga-ruwa da mai gyaran waya da ɗalibin jami'a duk suna miƙa kuɗinsu a ƙofar rumfar kwano, saboda sun san abin da za su samu: benci, janareto in wuta ta ɗauke, wasa a kan lokacinsa, farashin da aka rubuta da alli a allo tun da safe. Mai gidan kallon kuma ya san in hotonsa ya yi ta yankewa, ko ya bar faɗa ya yawaita, gobe mutanensa na rumfar maƙwabcinsa. Wannan alaƙa ta mai biya da mai karɓa, wadda kowane ɓangare ke da abin da zai rasa, ita ce ba a taɓa ƙullawa sosai tsakanin ƙungiyar gari da mutanen gari ba. Illar gidan kallo ta gaskiya ita ce ya tashi yara masu iya jero 'yan wasan Manchester United da Barcelona amma ba su san mai tsaron gidan Wikki ba, domin babu wanda ya taɓa kai su su gan shi.

A irin wannan hali ne buɗe ƙofa kyauta ya zama al'ada a filayen Najeriya. Idan babban wasa ya zo, ko ƙungiya na neman tsira daga faɗawa rukuni na ƙasa, ko siyasa ta matso, sai a ji sanarwa cewa gwamnati ko wani mai hali ya sayi ƙofa, kowa ya zo. Niyyar na iya zama mai kyau, kuma filin kan cika. Sai dai a tambaya: wa ya cika shi? Inda babu tikiti, ƙarfin ƙirji ne ke raba wurin zama. Wanda ya iya turereniya a ƙofa, ya iya haura shinge, ya iya tsayuwa cikin rana tun azahar, shi ke samun wuri, kuma wannan ba uba mai riƙe da ɗan shekara bakwai ba ne. Inda babu tikiti babu wanda ya san adadin waɗanda suka shiga, balle a tsayar da su idan wuri ya cika, alhali cunkoso ne ya haddasa mafi munin bala'o'in filayen wasa, kamar wanda ya ci rayuka fiye da 120 a Accra ranar 9 ga Mayu, 2001. Inda babu tikiti ɗan kallo ba shi da bakin ƙorafi, domin wanda aka yi wa kyauta ba ya cewa ban-ɗaki babu ruwa. Sannan kyautar yau tana kashe cinikin gobe: mutumin da ya shiga kyauta a babban wasa zai ga biyan kuɗi a ƙaramin wasa kamar cuta ce, sai ya jira a buɗe ƙofa bayan hutun rabin lokaci ko ya nemi wanda ya sani a bakin ƙofa. A hankali sai a wayi gari mai biya shi ne wanda bai san kowa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma a nan iyali ne suka biya kuɗin wannan kyauta, da rasa wurinsu a filin.

Idan ana son a gane abin da ke hana magidanci zuwa, sai a lissafa masa tafiyar tun daga ƙofar gidansa. Kuɗin shiga ɓangaren talakawa a wasannin lig na Najeriya bai taɓa zama mai yawa ba in aka gwada da sauran kuɗin da fitar ke ci. Mai yara uku daga Yelwa ko Fadaman Mada zai biya Keke Napep zuwa da dawowa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan kaɗai na iya fin kuɗin tikiti. Zai sayi ruwa da ɗan abin taɓawa. Wasa yakan fara da ƙarfe huɗu, dab da la'asar, ya ƙare magariba na gabatowa, saboda haka yana buƙatar wurin alwala da salla wanda zai kai yara ba tare da ya rasa wurin zamansa ba. Ranakun Asabar da Lahadi yara da yawa na Islamiyya da yamma. Yana buƙatar inuwa a watannin Maris da Afrilu, da makewayi mai tsabta wanda 'ya mace za ta iya shiga. Fiye da komai yana buƙatar tabbacin cewa ɗansa ba zai zauna kusa da mai busa hayaƙi da ashar ba, kuma in alƙalin wasa ya yanke hukuncin da bai yi wa jama'a daɗi ba, ba za a fara jifa a biyo da barkonon tsohuwa ba. Wannan tsoro yana da tushe a ƙwallon Arewa. A watan Afrilun 2022 an tashi wasan Kano Pillars da Katsina United a Kano da rikici har aka farfasa motar baƙi, aka ci tarar Pillars aka zaftare mata maki. Labari ɗaya irin wannan ya isa ya sa iyaye a Bauchi ma su ce yaro ya zauna gida. Ragin naira ɗari a tikiti ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ƙasashen da suka yi nasarar jawo iyali sun fara ne daga nan, kuma kurakuransu ma abin koyo ne. A Ingila, lokacin da rikicin magoya baya ya yi ƙamari daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa shekarun 1980, ƙungiyar Watford a zamanin koci Graham Taylor da shugabanta Elton John ta keɓe ɓangare na musamman ga iyaye da yara, ta zama abin misali. Bayan bala'in Hillsborough na 1989, wanda ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, an tilasta wa manyan ƙungiyoyi mayar da filayensu na zama zalla. Filayen suka yi aminci, mata da yara suka ƙaru, amma farashi ya yi ta hawa har ya kori ma'aikatan da kakanninsu suka kafa ƙungiyoyin. A watan Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga fili a minti na 77 don ƙin tikitin fam 77, masu ƙungiyar suka janye, kuma a wannan shekara aka ƙayyade tikitin magoya bayan baƙi a fam 30. Jamus ta bi wata hanya: dokarta ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin ƙungiya, aka riƙe wuraren tsayuwa masu araha, shi ya sa ɓangare ɗaya na filin Borussia Dortmund ke ɗaukar mutum kusan 25,000. A gida ma, Sporting Lagos da aka kafa a 2022 ta gina sunanta ne a kan mayar da ranar wasa ranar fitar iyali. Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne babu inda aka jawo iyali da buɗe ƙofa. An jawo su da wuri na musamman, da tsaro, da farashin da aka yi da su a zuciya, kuma inda aka bar farashi ya haukace an yi asarar talaka.

Mai ƙin wannan ra'ayi zai ce Bauchi ba Dortmund ba ce. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, akasarin mutane ma ba albashi suke ɗauka ba, kuma tun da kuɗin jama'a ne ke riƙe da Wikki, talaka ya riga ya biya, karɓar kuɗi a hannunsa a ƙofa biya biyu ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ta sa dole tikitin ya kasance mai sauƙi ƙwarai, yara ƙanana kuma su shiga ba tare da biya ba muddin suna tare da babba mai tikiti. Amma hujjar kuɗin jama'a, in aka bi ta zuwa ƙarshe, goyon bayan iyali take yi. Kuɗin da ake kashe wa ƙungiyar na kowa ne, har da matar da ke Bakin Kura wadda ba ta taɓa taka filin ba, da yaron da ke firamare. In tsarin shiga ya zama wanda samari masu ƙarfi kaɗai ke iya jurewa, to an karɓi dukiyar kowa an yi wa ɓangare ɗaya hidima. Tallafin gwamnati ya fi amfani idan aka sa shi wajen sauƙaƙa tikitin iyali da gyara makewayi da biyan masu tsaron ƙofa, maimakon a zubar da shi a yini ɗaya na kowa ya shigo. Attajiri ko ɗan siyasar da ke son yin alheri ma ba a hana shi ba: ya sayi tikiti dubu a raba wa makarantun firamare da Islamiyyu ta hannun malamansu, ƙungiya ta sami kuɗin a asusunta, yara su zo a jere da mai kula da su. Kyauta ce wannan ma, amma kyauta mai suna da lamba, wadda ta isa ga wanda aka nufa.

Wani kuma zai ce matsalar ta al'ada da addini ce: a garin da ake kiyaye kunya da raba maza da mata, filin ƙwallo ba wurin iyali ba ne ko da an gyara shi. Wannan ma ba a raina shi, kuma babu wanda ke cewa a tilasta wa wani gida abin da bai yarda da shi ba. Sai dai abu biyu. Na farko, iyali ba ya nufin dole sai da matar aure. Uba da 'ya'yansa maza, kawu da 'ya'yan 'yar'uwarsa, malami da ɗalibansa, duk iyali ne a ma'anarmu, kuma su ne mafi yawan waɗanda ake rasawa yanzu ba tare da wata hujjar addini ta hana su ba. Na biyu, al'adar Bauchi ba ta taɓa hana mata da yara halartar taron jama'a ba idan an tsara shi. Suna zuwa Idi, suna kallon hawa, suna cika wuraren saukar karatu da musabaƙar Alƙur'ani da bukukuwan yaye ɗalibai, domin a can an ware musu ƙofa da wurin zama. Saudiyya ma, da ta buɗe filayen ƙwallonta ga mata a watan Janairun 2018, da ɓangaren iyali mai ƙofarsa daban ta fara. Abin da al'adarmu ke ƙi shi ne cakuɗeɗeniya da rashin kunya, kuma ƙofar da aka sake ba tsari ita ce ke kawo su. Tikitin iyali mai ɓangarensa ya fi dacewa da tarbiyyar Bauchi fiye da abin da ake yi yanzu.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa a bar duk wannan, a sayo 'yan wasa masu kyau, in ƙungiya na cin wasa fili zai cika da kansa. Tarihin Wikki na kusa ya nuna iyakar wannan. A 2016, ƙarƙashin koci Abdu Maikaba, ƙungiyar ta ƙare ta uku a gasar ƙwararru ta Najeriya, Godwin Obaje ya fi kowa zura ƙwallo da 18, aka sami gurbin gasar Afirka. A farkon 2017 wata ƙungiyar sojojin Saliyo ta fitar da ita a zagayen share fage. Annobar korona ta zo ta rufe filaye ga 'yan kallo, a 2023 Wikki ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2025 ta dawo. Cikin shekara tara an ga sama an ga ƙasa, kuma haka ƙwallo take a ko'ina. Taron da nasara ta tara, faɗuwa ce ke watsa shi. Wanda ke zuwa ko ana ci ko ba a ci shi ne wanda zuwa fili ya zame masa ɗabi'a tun yana yaro, wanda ya san wurin da mahaifinsa ke zama da mutanen da ke gefensu. Irin wannan mai goyon baya ba a samunsa da sayen ɗan wasa, kuma shi ne kaɗai dukiyar da sauyin gwamnati ba ya tafiya da ita. Ƙungiyoyin Leventis da Abiola sun mutu ranar da masu su suka janye hannu. Ƙungiyar jiha ma rayuwarta na hannun kasafin da za a iya ragewa a kowace shekara, sai fa in tana da dubban gidaje da ke jin tasu ce.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin Bauchi ba, kuma yawancinsa ba ya neman sabon gini. A ware ɓangare ɗaya mai inuwa a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai ƙofarsa da makewayinsa da wurin alwala, wanda ba a shiga sai da yaro ko da mace, ba a shan taba a cikinsa, kuma mai ashar ana fitar da shi. A yanke farashi ɗaya na iyali tun farkon kakar wasa, a sanar a gidajen rediyon jiha, kada a sauya shi ko Kano Pillars ce ta zo ko Enyimba. A sayar da tikitin kwana biyu kafin wasa a kasuwannin Wunti da Muda Lawal da kuma Yelwa ta hannun masu POS da kowa ya riga ya saba da su, domin uba ya iso da takardarsa a aljihu ba sai ya shiga turmutsitsi da yara ba. A daina buɗe ƙofa a tsakiyar wasa, tunda hakan hukunta wanda ya biya ne. A riƙa bayyana wa jama'a abin da aka tara a ƙofa bayan kowane wasa da abin da aka yi da shi, domin mutum ya fi sakin kuɗinsa idan ya ga famfon da kuɗin ya gyara. Ƙungiyar magoya baya da masu unguwanni da malaman makarantu su shiga cikin kula da ɓangaren, yadda idon manya zai dawo wurin. Kuɗin da za a tara a shekarar farko ba zai biya albashin 'yan wasa ba, kuma ba don shi ake yi ba. Ana yi ne domin ƙungiyar da ta shafe fiye da shekara 30 tana kallon gidan gwamnati ta fara jin cewa akwai wasu da ke bin ta bashin amana, su kuma su ji suna da haƙƙin tambayarta. Alhakin fara wannan yana kan hukumar ƙungiyar da ma'aikatar wasanni ta jiha, kuma kakar wasa ɗaya ta isa a gwada a gani.